Uwar Shalele Tana Bayan Kanta

Iska aka aike ni in sa wa taya. Abin da ya fitar da ni daga caji ofis a yammacin ranar ke nan. Tayar baya ta motar sintirinmu ta daɗe tana sacewa, kullum sai an yi mata ƙari. Da yake ni ne direba, ni ne kofur, ni ne kuma wanda bakinsa bai iya cewa a'a ba, Sufeto ya leƙo ta taga ya ce in je wurin mai faci kafin duhu ya yi. Na ɗauki makulli ina gunaguni. Mutum ya wuni a tsaye, ƙafa ta kumbura cikin but, sannan a ce taya ma sai shi.

Mai facin yana bakin wani layi ne na 'yan haya, kusa da shagon aski da wani ɗan shagon ɗinki. Wurin kullum warin ƙonanniyar roba yake, da baƙin mai, da kwatar da ba ta gudu. Rana ta yi ja. Injin iska yana ta ɓaɓatu, ni kuma na jingina da mota ina kallon mutane suna komawa gida.

Sai wata mata ta zo ta riƙe ƙofar motar. Ba takalmi a ƙafarta, ga tef ɗin awo rataye a wuyanta, guntayen zare duk sun manne mata a jiki. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu ma da hankalina bai tashi haka ba.

Ta ce, "Ofisa, 'yata. Ban ga 'yata ba."

Ita ce telar da ke shagon can. Yarinyar ba ta wuce shekara huɗu ba, Shalele take ce mata, kuma ita kaɗai gare ta, uban ya rasu tun tana goye. Ta ce tana kan keke tana ɗinki, yarinyar tana wasa a bakin ƙofa. Irin takalman nan masu ƙara ta saya mata, waɗanda in yaro ya taka sai su yi cik, don ko ba ta ɗago kai ba ta san inda take. Ta sunkuya tana sauya zaren ƙasa, ta ji ƙarar takalmin tana nisa, ta ɗauka wurin mai aski ta shiga. Da ta ɗago ba kowa. Ta duba shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, ta duba bayan gida, har cikin durom ɗin ruwa ta leƙa. Jar riga ce a jikin yarinyar, ita ta ɗinka mata da ragowar yadi.

Masu cewa 'yan sanda ba su yi komai ba a wannan magana, ƙarya suke yi, kuma ina so su zo su faɗa a gabana. Ina kiran Sufeto a oba-oba, rediyon hannun da muke magana da juna, ya tashi duk wanda ke ofis. Aka datse hanyoyin fita gari, aka tura mutane tashar mota, aka dinga buɗe but ɗin motoci ana leƙa ƙarƙashin kujeru. Abin da aka koya mana ke nan: ɓarawon yaro gudu yake yi, a tare shi kafin ya yi nisa. Sufeto da kansa ya hau babur ya iso layin, ya tara mutane ya fara tambaya ko akwai wanda ya ga baƙuwar fuska.

Mai faci ya goge hannu da tsumma, ya dubi telar, ya dubi Sufeto, kamar wanda bai gane abin da ake ciki ba.

Ya ce, "Yallaɓai, wace baƙuwar fuska kuma? Ai ita ce ta wuce da ita. Ta nan gabana suka bi, tana riƙe da hannunta."

Mai aski ma ya ce haka ne, ya gan su ta madubi.

Telar ta ce, "Ni? Wallahi ban tashi daga kan keke ba."

Sufeto ba mugu ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya daɗe a aiki, ya ga iyayen da suka zo suna birgima a ƙasa, daga baya aka tono abin da aka tono a tsakar gidansu. A aikinmu in yaro ya ɓata, mutanen gida ake fara duba. Ga shaidu biyu, ba su da wata gaba da ita, sun ce ita suka gani. Ya ce in buɗe mata mota.

Ta kama hannun rigarsa. "Yallaɓai, ku bar ni in neme ta. In ya so ku kulle ni daga baya. Yarinyar nan ba ta zuwa wurin kowa sai ni."

Ya ce, "Baiwar Allah, muna da ma'aikata. Shiga."

Ni na tuƙa ta. A hanya fuskarta na manne da gilashi, duk yarinyar da muka wuce sai ta waiga. Da muka isa aka zaunar da ita a benci bayan kantar ofis, inda ake ajiye wanda aka tsare. Aka cire mata tef ɗin wuyanta, don doka ta hana a bar wa wanda aka tsare abin da zai iya shaƙe kansa da shi. A gabana Sufeto ya naɗe shi ya jefa a durowa ya kulle. Sannan ya ce in koma in ɗauko mai faci ya zo a ɗauki bayaninsa a rubuce.

Kafin in koma layin an yi magariba, kuma an ɗauke wuta. Janareton mai aski ne kaɗai ke kuka. Na tarar da mai faci yana haɗa kayansa, yana ganina ya yi murmushi.

"Kofur, har kun sake ta? Alhamdulillahi. Na ce ai ba abin tashin hankali ba ne."

"Mun saki wa?"

"Telar mana. Yanzun nan suka wuce ita da yarinyar. Na yi mata barka, ko kallona ba ta yi ba. Ina jin fushi take da ni."

Matar da na bari a benci, ni da nake cikin mota, ta ina za ta riga ni zuwa?

Na tambaye shi inda suka bi. Ya nuna wani siririn lungu da ke bayan shaguna, wanda ke kaiwa tsohuwar ma'aikatar ƙanƙara da aka rufe tun ban shiga aiki ba. Na ce ya zo ya raka ni. Ya dubi fuskata sosai, murmushin ya gushe, ya koma ya zauna a kan taya ya ce gwiwarsa ke ciwo.

Na danna oba-oba. "Yallaɓai, matar tana nan?"

"Ga ta a gabana tana kuka. Me ya faru?"

"Yallaɓai, a kawo ta layin nan yanzu. An ga yarinyar."

"Wadda ake zargi ce, Kofur. Ba na kai wadda ake zargi wurin da ake neman shaida. Kuma da me zan kawo ta, ba motar tana hannunka ba? In ka ga yarinya ka ɗauko ta. Zan janye mutane daga tasha su same ka."

Na tsaya da makulli a hannu. In na koma ɗauko uwar, yarinyar ta yi nisa. In na bi yarinyar, ni kaɗai ne. Na ɗauki tocila da bindiga na shiga lungun.

Bango ne hagu da dama. Ƙasa laka ce da ledoji. Ina tafiya kukan janareto yana raguwa a bayana, har ya ɗauke gaba ɗaya. Ba kare, ba gyare, ba muryar mutum.

Sai na ji shi can gaba.

Cik. Cik. Cik.

Tafiyar ƙaramin yaro, a hankali, ba gudu ba. Na kasa kunne in ji takun babba a gefensa. Babu.

Ƙofar ma'aikatar da sarƙa take, amma ƙarfen ya lanƙwashe daga ƙasa, na sunkuya na shige. Warin tsatsa ya tare ni, da na kwantaccen ruwa. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙamshi da bai dace da wurin ba, na sabon yadi da aka ɗora wa dutsen guga, da man keken ɗinki. Kuma sanyi ake yi a ciki. Injinan nan sun mutu shekara da shekaru, amma ina ganin tururin bakina a hasken tocila.

Na haska ƙasa. Sawun ƙananan takalma ne a kan ƙura, layi ɗaya, ba wani sawu a kusa da su.

Na bi su har ƙarshen ɗakin injina, inda wata matakala ta gangara ƙasa.

Suna tsaye a bakinta.

Yarinyar da jar rigarta, hannunta ɗaya a sama. Matar da ke riƙe da hannun ta ba ni baya. Ba takalmi a ƙafarta, ga guntayen zare a jikinta, ga tef ɗin awo rataye a wuyanta.

Na ce, "Tsaya nan. 'Yan sanda ne." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba.

Ta juyo.

Fuskar telar ce, ba abin da ya ragu. Sai dai telar da na sani idonta ya kumbura da kuka, wannan kuwa fuskarta a bushe take. Na dalle mata tocila a ido. Na yi shekaru ina haska mutane a shingen bincike, kowa sai ya runtse ko ya kare da hannu. Ita ko ƙiftawa ba ta yi ba.

A bangon da ke bayansu inuwa ɗaya ce. Ta yarinyar, hannunta a sama, ba ta riƙe da komai.

Na san bindiga ba ta da amfani a nan. Na ajiye ta a ƙasa, na durƙusa, na miƙa hannu.

"Shalele. Zo, 'yata. Zo mu tafi gida."

Yarinyar ta dubi kakina, ta dubi hulata, ta ɓuya a bayan matar.

Ta ce a hankali, "Mama, ɗan sanda."

Matar ta sunkuyo kan yarinyar. Da muryar telar ta yi magana, ƙasa-ƙasa, da irin lallashin da uwa ke yi.

"Ba na gaya miki ba? In kika sake hannuna zai kama ki."

Wace uwa ce ba ta taɓa tsorata ɗanta da mu ba? Ni kaina matata tana yi wa namu, ina zaune ina dariya. Na cire hular na jefar. Na ɓalle maɓallan rigar kakin na tuɓe ta.

"Ba kama ki zan yi ba. Mamanki tana wurina, tana jiranki. Ita ta aiko ni."

Ta leƙo da ido ɗaya. "Ga Mamata nan."

"Ba ita ba ce, 'yata."

"Mama ta ce kada in bi wanda ban sani ba."

Matar ta taka matakalar farko. Yarinyar ta bi ta. Cik.

Na fizgo oba-oba. "Yallaɓai, don girman Allah ba ta oba-obar ta yi magana. Uwar nake nufi. Yanzu."

Ban san abin da ya ji a muryata ba, amma wannan karon bai yi gardama ba. Na ji ƙarar benci, na ji ana ce mata ta danna nan. Sai muryarta ta fito.

"Shalele! Shalele, ni ce, Mama ce. Ki bi shi, ki bi kawun nan ya kawo ki wurina."

Duk wanda ya san oba-oba ya san abin da take yi wa muryar mutum. Tana shaƙe ta, ta cika ta da ƙara kamar ana magana cikin gwangwani. Ga kuka ya riga ya dusashe mata murya. Duk da haka yarinyar ta tsaya. Ta karkata kai. Na ga yatsunta sun fara sassautawa daga hannun matar.

Matar ta ce, "Kin ji ko? Haka yake kama mutane ya zuba su a cikin abin nan. Kina so ya sa ki a ciki?"

Yarinyar ta fashe da kuka ta ƙanƙame ta.

Na saki oba-oba na yi tsalle. Na cafki ɗaya hannun yarinyar, ɗumi ne da shi, ɗan mitsitsi, na riƙe da iya ƙarfina. Ta yi ƙara. Ta gantsara mini cizo a bayan hannu, tana shure-shure, tana kiran Mama ta cece ta. Ban saki ba.

Sai matar ta ɗora tafinta a kan damtsena.

Ba ta matsa ba, ɗorawa kawai ta yi. Sanyi ya shige ni har ƙashi. Hannun ya mutu daga kafaɗa zuwa yatsu, ina kallo ya faɗi gefe kamar tsumma. Yarinyar ta zare nata, ta ruga ta rungume ƙafar matar.

Matar ta dube ni. Bakinta ya buɗe, muryar Sufeto ta fito daga ciki.

"Kofur, koma bakin aikinka."

Suka gangara.

Na bi su. Ba jarumta ba ce, ban ma san na tashi ba. Tocila a hannun hagu, ɗayan yana lilo. Matakalar ta yi ta tafiya ƙasa. Ruwa ya kama mini idon sawu, ya kama gwiwa. Jar rigar tana gabana, kullum tazarar ɗaya ce.

Ruwa ya kai mini ƙugu.

Su a kan busasshiyar ƙasa suke tafiya. Ina jin takalmin.

Tocila ta yi ja, ta mutu.

Ruwa ya kai ƙirji. Na waiga, ba matakala. Na laluba, ba bango. Duhu ne ta ko'ina, kuma na daina sanin ta inda na shigo. Wani abu ya goge ni a ƙafa, a hankali, ya sake dawowa.

Na buɗe baki in yi salati, haƙorana suna haɗuwa, kalma ta ƙi fita.

Sai na ji wata ƙaramar murya can sama, ta bayana, a shaƙe.

"Shalele. Shalele, ki amsa mini."

Oba-obar da na yar a bakin matakala ce. Uwar ba ta daina kira ba.

Muryar na bi. Na juya ina jan ƙafa, ina faɗuwa ina tashi, duk lokacin da ta kira sunan sai in ƙara matsawa, har gwiwata ta bugi siminti. Da rarrafe na hau. Kiran da take yi wa 'yarta shi ya fito da ni.

A nan abokan aikina suka same ni kwance, ba riga, ina karkarwa. Suka sauka da manyan fitilu. Matakalar gajeriya ce, in ji su. A ƙasa ɗakin ajiyar ƙanƙara ne ɗan ƙarami, bango huɗu, ba wata ƙofa, ruwan ciki ko idon sawu bai rufe ba. Ni kuwa a jiƙe nake har ƙirji, ga shatin ƙananan haƙora a bayan hannuna. An fasa bangon washegari, an haƙa ƙasan, an kawo karnuka. Karnukan suka ƙi sauka.

A daren da abin ya faru aka saki telar. Sufeto da kansa ya buɗe mata kanta, ya ce ta yi haƙuri. Ni ta tambaya, da aka kawo ni. Ta ce, "Ofisa, ta ji muryata?" Na ce ta ji. Ta ce, "To me ya sa ba ta zo ba?" Har yau ba ta sake tambayata ba.

Maganar tana nan a buɗe a ofis, an rubuta cewa ana ci gaba da bincike. Ba wanda ke binciken komai, don ba wanda ya san inda zai fara. Hannuna ya dawo amma yatsu biyu ba sa ji, aka ɗauke ni daga tuƙi aka mayar da ni tebur. Sufeto ya nemi canjin wurin aiki ya tafi. Mutanen layin kuwa har yanzu akwai masu cewa ita ta sayar da 'yarta, ai an gan ta da ido.

Ta rufe shagon. Kullum rana ta kusa faɗuwa sai ta tafi ma'aikatar, ta tsaya a bakin matakalar ta yi ta kira har duhu ya rufe. Nakan raka ta in ba na aiki, da kayan gida, in tsaya daga nesa. Tausayinta nake ji, kuma tsoron wurin bai sake ni ba. Yawanci ba abin da ke amsawa sai ɗigar ruwa.

Sau ɗaya ne muka ji wani abu, wajen ƙarshen damina. Ta kira har muryarta ta dushe, ta juyo za mu tafi. Sai muryar yarinyar ta taso daga ƙasa, ba kuka, ba tsoro, irin ta yaron da aka katse wa wasa.

"Mama, wata mata tana kirana."

Telar ta zube a kan gwiwoyinta, ta buɗe baki za ta amsa. Aka riga ta daga ƙasa, da muryarta.

"Ƙyale ta, Shalele. Ba mu san ta ba."

Washegari da yamma ta sake komawa.